Jar Motar Alhaji Baƙo

Idan ka shiga Kabo ka ce a nuna maka gidan Alhaji Baƙo, sai an tsaya ana tambayarka wane Baƙon. Amma ka ce gidan Mai Jar Mota, ko mai tallar ƙosai za ta nuna maka da baki ba tare da ta ɗago kai ba. Wannan suna mutumin ya yi kusan shekara ashirin yana binne shi, ya tara masa ƙasa, ya dasa gemu a kai, sai ga ɗan cikinsa ya zo ya tono shi da rana tsaka. Ba wanda ya tausaya masa, kuma wallahi ba abin tausayi ba ne.

Asalinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ubansa mai awon hatsi ne a kasuwa, mutumin kirki, ya mutu bai bar komai ba sai tiya da suna mai kyau. Baƙo ya ɗauki tiyar ya buga mata dutse a gindi ta lotsa ciki, sunan kuwa ya bar shi nan inda ya gan shi. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, lokacin da duk mai babbar riga da zaƙin baki ya zama ɗan kwangila, shi ma ya kutsa kai ya samu aikin sa ƙofofi da tagogi a makarantun ƙauye. Ƙofofin nan damina ɗaya suka gani. Shi kuwa ya yi kumatu, ya yi wuya.

Mai hankali in ya samu kuɗi a wancan zamani akori-kura yake saya, ta kai masa taki gona, ta kwaso masa dawa. Baƙo sai ya ji labarin wani Bature injiniya da ya gama aikin madatsar ruwa zai koma garinsu, yana neman kai da motarsa. 'Yar ƙaramar mota ce, ta lafe a ƙasa kamar kwaɗo, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya in an ga dama. Ja ce wur, irin jan tattasai. Ranar da ya shigo da ita gari tsofaffi suka zagaye ta suna tambaya: ina ake sa buhu? Ina iyali za su zauna? Baƙo ya gyara hula ya ce ai wannan ba motar buhu ba ce, motar gudu ce. Wani tsoho ya ce, "To wa ya biyo ka?" Aka yi dariya aka watse. Tun daga ranar sunansa ya koma Mai Jar Mota, kuma yana jin daɗin sunan fiye da na yanka.

Sai duniya ta juya. Kuɗin mai suka ƙafe, sojoji suka karɓi mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu. Madarar gwangwani, sukari, sabulu, duk suka yi ɓatan dabo, mace ta yini a layi ta koma gida da sandar sabulu ɗaya tana godiya. Baƙo fa? Yana da wani ɗaki a Gwarzo cike da katan-katan har rufi, ya sa kwaɗo ya kulle yana jiran farashi ya ƙara hawa. Da ya ji an fara fasa ɗakunan masu ɓoye kaya ana sayarwa a farashin gwamnati, mai kayan kuma a kwantar da shi a zane a gaban jama'a, sai ya fara neman wata maɓoyar. Ya shiga kwashe kayan kaɗan-kaɗan a 'yar motar nan yana kaiwa wani kango a wajen Gude. Ya cika bayanta, ya cika kujerar da ke gefensa da katan ɗin madara, ya lulluɓe da tsohuwar riga.

A ɗaya daga cikin wannan zirga-zirga, da hantsi, yana sheƙa gudu idonsa na kan madubi yana duba ko motar soja na bayansa, ya kwashi mutum. Jalo ne, wani Bafillatani da iyayensa suka zauna a gefen Gude suka kama noma, yana janye da akuya zai kai kasuwa. Baƙo ya taka birki ya fito. Jalo yana da rai. Yana kwance a bakin titi cikin rana, ƙafa a karye, jini na zuba, ya ɗago hannu ya ce, "Mai mota, don Allah ka kai ni asibiti."

Baƙo ya dubi mutum, ya dubi kujera. Kujerar fasinja ɗaya ce tal, kuma katan ne a kai. In ya sauke su a titi sun tafi ke nan. In ya bi hanyar asibiti akwai shingen sojoji, ga bayan mota cike. Sai ya ce, "Yi haƙuri, bari in kirawo mutane." Ya shiga ya ja motarsa. Ko kare bai kira ba.

Sai da la'asar masu dawowa daga kasuwa suka tsinci Jalo, ba a bakin titi ba, can ƙarƙashin wata ɗorawa da ɗan nisa, ya riga ya cika. Wasu mata masu itace suka ce sun hango wata jar mota marar rufi ta wuce kamar iska. To a duk ƙasar Kabo da Gwarzo jar mota marar rufi guda nawa ce?

Kafin labari ya gama zagawa motar tana Gwarzo, a bayan shagon Nata'ala mai gyaran jikin mota da fenti. Nata'ala ya dubi lotsawar da ke gaba ta hagu, ya dubi Baƙo. Baƙo ya ce jaki ya buge.

"Allah ya jiƙan jakin," in ji Nata'ala. "Lotsawa zan iya fitar da ita in cike. Amma fentin mota babu shi a kasuwa yanzu, ko na magani."

Baƙo ya ce yana da fenti. Ya fito da ragowar na ƙofofin makaranta, ruwan toka. Nata'ala ya ce wannan ba a fesa shi, sai dai a shafa da buroshi kamar ƙyauren shago, kuma shi ba zai ɓata sunansa da irin wannan aiki ba. Baƙo ya tura masa katan ɗin madara da ƙafa. Lokacin yunwa ne, kuma matar Nata'ala tana goyon tagwaye. Ya ɗauki buroshi. Motar ta fito da sawun gashi-gashi a jikinta, ruwan toka tun daga hanci har wutsiya, kai ka ce jaki aka sa wa taya.

Da masu bincike suka zo suna tambayar jar mota, dattawan unguwa suka dubi juna suka ce su dai ba su ga wata jar mota a garin nan ba, ga ta Baƙo can a je a duba. Aka duba, ruwan toka. Aka tafi. Wai kara suka yi: ɗan gari ne, ubansa mutumin kirki ne, wanda ya mutu kuwa na bakin daji ne. Tir da irin wannan kara! Don su samu su yi barci sai suka ƙago wa kansu wata magana, suna cewa ai ko ba komai wanda ya buge shi bai bar shi a rana ba, ya ja shi inuwa, da sauran imani a zuciyarsa. Baƙo ya ji ana faɗa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da tafiya ta yi tafiya shi kansa ya fara jin kamar yana tuna nauyin mutumin a hannunsa.

Jalo ya bar mace, Raliya, da 'ya a goye. 'Yan'uwansa suka kaɗa shanu suka yi kudu, ita ta ƙi bin su, ta zauna ta kama tallar nono. Duk ranar kasuwar Kabo sai ta biyo ta ƙofar gidan Baƙo da ƙwarya a ka ta yi sallama. Baƙo ya ba matarsa Zubaidatu umarni, duk abin da matar nan ta kawo a saye shi kaf, ko ya yi tsami. A ransa wai diyya yake biya, ludayi-ludayi. Raliya za ta sauke ƙwarya, ta gaisa, ta auna, ta karɓi haƙƙinta daidai, ba ta yarda a ɗora mata komai a kai. In ta fito sai ta ɗan tsaya gaban motar da ke fake a rumfa, ta gyara gammo, ta wuce. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Ko sunan mijin ba a taɓa ji a bakinta ba, don a wurinsu mace ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya mutu. Sai dai ta ce "mai gidana."

Motar kuwa Baƙo ya daina hawanta. Ya sayi wata babba, ya bar wannan kaji na ƙwai a cikinta. Sayar da ita yake tsoro, kada mai saye ya kankare ya ga abin da ke ƙasa.

Shekaru suka shuɗe, aka ƙaddamar da Shari'a. Mutane da yawa sun karɓe ta da zuciya ɗaya, har da masu kukan murna. Baƙo, wanda a lokacin ya zama Alhaji, a wurin tela ya karɓi tasa. Aka rage masa tsawon wando, ya saki gemu, ya sayi carbi mai manyan 'ya'ya wanda ake jin ƙararsa daga sahu na uku. Mutum ya yi tuntuɓe sai ya ja masa aya, rabinta ba daidai ba. Mai awo ya tauye mudu, shi ne na farkon kai ƙara, shi da ya lotsa tiyar ubansa! Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Musa a baki ke nan, Fir'auna a zuci.

Amma a ƙarƙashin gemun nan tsoro ne fal. Ya ji malamai suna bayani a kan jini, cewa haƙƙin magada ne, ba ya tsufa, ba ya ruɓewa, su ne masu nema su ne masu yafewa, ba wanda ya isa ya yafe a madadinsu. Tun daga nan in Raliya ta yi sallama sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Abu ɗaya ya rage masa da yake tsaro a duniya: motar nan ta ci gaba da zama ruwan toka har a kai shi kabari. Muddin tana haka, gari zai ci gaba da yin kamar bai sani ba. Ga shi ma har ana shirin kafa kwamitin sulhu a unguwa, kuma sunansa ake ambata a shugabanci.

Alhaji yana da ɗa, Mahbub, wanda ya gado kakansa ba ubansa ba. Yana ƙarami aka yi abin nan, aka kai shi makarantar kwana, daga can jami'a, daga can aiki a Abuja. Bai san komai ba, kuma wa zai dubi yaro ya gaya masa? Yana son ubansa so na gaskiya, irin na wanda bai zauna da shi sosai ba. Wata Sallah da ya zo gida ya shiga rumfar nan ya kori kaji, ya share ƙura, ya sa mukulli ya ɗan karci gefen ƙofa. Sai ga ja ya leƙo. Ya fito da gudu ya samu uban a zaure.

"Baba, ka san abin da kake ajiye da shi kuwa? A Abuja irin wannan motar manyan mutane ke nema ido rufe. Amma sai tana da launinta na asali. Wa ya yi mata wannan ɗanyen aiki da buroshi?"

Carbi ya tsaya cak a hannun Alhaji. "Bar ta yadda ka gan ta."

"Ja ce fa a ƙasa, Baba. Ka ba ni izini in mayar mata da abinta, ni zan ɗauki nauyin komai."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Alhaji ya zabura kamar an taka masa wutsiya. "Ja? A gidana? Kai da duk karatunka ba ka san ja haramun ne ga namiji ba? Launin Shaiɗan! Don me kake tsammani na shafe ta tun ba ka yi wayo ba? Tun kafin kowa ya farka a garin nan ni na farka."

Ka ji fa! Mutum ya ɗauki tsoron bulalar soja ya sa masa rawani ya kira shi tsoron Allah.

Mahbub bai yi musu ba, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Amma abin ya tsaya masa a rai, don bai taɓa jin wannan hukunci ba. Bayan sallar la'asar, a wurin karatun da ake yi a masallacin unguwa, ya ɗaga hannu ya yi tambaya, ubansa na zaune a gaba. Mai karatun Malam Abdulmumini ne, mutumin Madadi, bai daɗe da zuwa garin ba, bai san dawan garin ba. Ya yi murmushi.

"Maganar da aka yi a kan ja ta tufafi ce, ita ma malamai sun yi saɓani a kanta. Mota riga ce? In dai ja haramun ne a kan abin hawa da abin kiwo, to jajayen awakin nan namu fa, sai mu bi su da buroshi?"

Matasa suka bushe da dariya. Tsofaffi ba su yi ba. Kowannensu ya sunkuyar da kai yana tsintar wani abu a kan tabarma.

Da suka koma gida Alhaji ya sauya waƙa. Ya ce almubazzaranci ne. Ya ce riya ce. Ya ce kuɗin fenti gara a kai gidan marayu, shi da marayu ba su taɓa ganin ko ƙanzonsa ba. Mahbub yana ji yana ƙara ganin girman ubansa, yana cewa a ransa Allah sarki Baba, tawali'u ne, ba ya son ya ɗora mini nauyi. Magana ɗaya ta gaskiya ta isa ta kashe zancen nan. Alhaji ya buɗe baki sau ɗaya kamar zai faɗa, ya dubi fuskar yaron, sai ya ce, "Jeka ka ci abinci."

Bayan Mahbub ya koma Abuja Allah ya ba Alhaji wata ƙofa. Ya aika aka kira masu sayen tsohon ƙarfe su zo su yanka motar su kwashe, a huta. Suka zo da kurarsu da gudumarsu, suka yi tayi. Alhaji ya ce albarka. Suka ƙara, ya ce motar Bature ce, su sake lale. Suka ce ƙarfe dai ƙarfe ne, suka tura kurarsu suka tafi. Wato mutum ga tsira a hannunsa, ya sake ta saboda ciniki bai yi masa ba. Hali zanen dutse.

Aka tabbatar masa da shugabancin kwamiti, aka sa ranar walima, aka tura shi Kano bita ta 'yan kwanaki. Yana juya baya Mahbub ya ɗauki hutu ya iso, ya sa aka ja motar zuwa Gwarzo. Nata'ala yana nan, ya tsufa, kai ya yi fari fat. Ya zagaya motar, ya tsaya a gaba ta hagu, ya shafa wurin da ya cike da hannunsa.

"Alhaji ya san da wannan aiki?"

"Bai sani ba, Baba Nata'ala. So nake in ba shi mamaki ranar walima."

Ba hurumin mai fenti ba ne ya shiga tsakanin ɗa da uba, kuma madarar nan ta daɗe tsaye a maƙogwaronsa. "Zai kuwa yi mamaki," ya ce. "Shigo da ita. Wannan karon fesawa zan yi."

Walimar ta faɗo ranar kasuwa. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, aka ɗaura lasifika. Alhaji ya sha fararen kaya, ya miƙe yana jawabi a kan haƙƙi, har da ɗaga yatsa: duk wanda ya san yana riƙe da haƙƙin wani ya sauke tun yana numfashi. Yana tsakiyar wannan sai aka ji hon daga bakin layi. Ga ta nan tafe a hankali, rufi a naɗe, ja wur, tana ɗaukar ido, Mahbub a ciki baki har kunne. Matasa suka miƙe suna tafi. Tsofaffi suka daskare a kujerunsu. Alhaji ya manta makirufo na bakinsa, duk unguwa ana jin hakinsa ta lasifika.

Raliya tana tsaye a gefen rumfa da ƙwaryarta, ta zo kamar yadda ta saba. Ta tsufa ita ma, ta rame, ta bushe. Ba ta jira a kama mata ba, ta sauke ƙwaryar da kanta ta ajiye a ƙasa. Ta ratsa tsakanin kujerun maza, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ta je ta ɗora tafin hannu a gaban motar ta hagu.

"Ashe kin dawo," ta ce.

Sannan ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har ana jin kowace kalma.

"Alhaji, tun da an ce daga yau kai ne mai sulhu, ina da tambaya ɗaya. Ka kwantar da hankalinka, ba kotu zan kai ka ba, ni ba na cin kuɗin jini. Mutanen garin nan suna cewa wanda ya buge mai gidana bai bar shi a rana ba, ya ja shi inuwa. Kai ka ja shi?"

Alhaji ya dubi motar, ya dubi fuskokin tsofaffi. Musu dai ya ƙare. Amma ɗan kasuwa ne, nan da nan ya hango riba a cikin tambayar: matar nan ƙofa ta buɗe masa, in ya ce e, ya zama mai kuskuren da ke da imani, a ce ƙaddara ce, a yi fatiha. Sai ga hawaye, Allah kaɗai ya san inda ya samo su.

"Ni ne, Raliya. Ƙaddara ce ta afka mana. Da hannun nan nawa na ɗauke shi na kai shi gindin ɗorawa, na gyara masa kwanciya, har addu'a na yi masa kafin in tafi neman mutane."

Wasu daga cikin tsofaffin suka fara gyaɗa kai suna "Allahu Akbar," suna gyara murya za su ce a yi haƙuri a yafi juna. Raliya ta bari sai da suka gama.

"Na je wurin tun ba a tattake shi ba," ta ce. "Daga bakin titi har gindin ɗorawa sawun gwiwar hannu ne da jini. Ba sawun takalmi ko ɗaya. Na ga hannuwansa kafin a rufe shi, fatar duk ta saɓule. Jalo da kansa ya ja jikinsa."

Matan da ke leƙe daga zaure suka dafe ƙirji. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta sai ranar.

"Duk shekarun nan da nake zuwa gidanka, kana tsammani masu sayen nono na rasa? Jira nake ka faɗi gaskiya guda ɗaya in yafe maka, don ni ma na gaji da ɗaukar ka a raina. Yau na miƙo maka ita har hannu, ka ƙi karɓa." Ta dubi Malam Abdulmumini, ta dubi jama'a. "Ku shaida, ban yafe ba. Mu haɗu can."

Ta koma ta ɗauki ƙwaryarta cike yadda ta zo da ita, ta aza, ta tafi. Malam Abdulmumini ya taso ya zare makirufon daga hannun Alhaji ya kashe. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa kamar shi ne abin da ya fi damunsa. Shinkafar walima ko buɗe ta ba a yi ba.

Mahbub yana zaune a cikin motar, inji na kaɗawa. Ya kashe, ya fito, ya durƙusa gaban ubansa kamar mai gaisuwa.

"Baba, da ransa ka bar shi?"

Alhaji ya share gemu. "Kai yaro ne," ya ce. "Ba ka san yadda zamanin nan yake ba."

Washegari da safe Alhaji ya aika a sayo masa fenti ruwan toka, ko kunya babu. Kafin ɗan aike ya dawo Mahbub ya turo motar ƙofar gida, daidai inda kowa ke wucewa, ya cire tayoyin ya ɗora ta a kan duwatsu. Bai iya duban idon ubansa ya faɗa ba, sai ya shiga ya gaya wa mahaifiyarsa, ita ta isar: ranar da buroshi ya sake taɓa motar nan, shi da gidan nan har abada. Ya ɗauki jakarsa ya tafi yana kuka. Gwangwanin fentin yana nan a zaure ba a buɗe ba, don a cikin duk abin da Alhaji ya tara, ɗan nan ne kaɗai ya rage da ke gaishe shi da zuciya ɗaya, shi ma yanzu ta waya.

Kwamitin sulhu an ba wani. Alhaji ta ƙofar baya yake fita masallaci don kada ya haɗa ido da motar, kuma ba a ƙara jin ƙarar carbinsa a sahun gaba ba. Raliya har yanzu tana biyowa ta layin ranar kasuwa, ƙwarya a ka, amma ba ta sake yin sallama a gidan ba.